Ciwon Da Ke Sauka Daga Ƙugu Zuwa Ƙafa



Yau maganarmu a kan ciwon ƙugu ce. Ciwon da ke bi ta ɗuwawu, ya gangara bayan cinya, har tafin ƙafa. Likitoci na kiransa sayatika.

Tushen ciwon wata jijiya ce, mafi tsawo a jikin ɗan Adam, ta taso daga ƙasan baya. Idan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya bulluƙo ya danne ta, sai ƙafa ta ɗau zafi.

Doguwar kwanciya ba ta warkar da wannan ciwo. Ku ji ni da kyau, doguwar kwanciya ba ta warkar da shi.

Je ka sashen gashin ƙashi, kamar na Asibitin Dala a Kano. Za a kwantar da kai rigingine, a ɗaga ƙafarka a miƙe, a ga inda zafin ke tasowa. Sannan a koya maka motsa jiki daidai ƙarfinka. Yawancin masu ciwon na samun sauƙi cikin makonni, ba tiyata.

Amma idan fitsari ko bayan gida ya kufce maka, ko ƙafa ta fara shanyewa, garzaya asibiti yau ɗin nan.

Allah ya ba mu lafiya. Sai an jima.