Batirin Sigarin Lantarki Ba Abin Gwaji Ba Ne

Sigarin lantarki ya fara shigowa hannun matasanmu, har wasu na naɗa siririyar wayar da ke zafafa ruwan sigarin da kansu domin hayaƙi ya yi yawa. Haɗarin yana cikin batirin. Ƙaramin batirin lithium mai lamba 18650, irin wanda ke cikin fitilar caji da fankar caji a kasuwannin Gwandu da Kalgo, yana kai bolt 4.2 idan ya cika. Idan aka haɗa shi da waya mai juriyar om 0.1, za ta zuƙi amfiya 42, alhali yawancin ingantattunsa ba sa jure fiye da 20 zuwa 30. Daga nan sai ya yi zafi, ya kumbura, ya fashe a bakin mai shi. A 2018 irin wannan fashewa ta kashe wani mutum a jihar Florida ta Amurka.

Wani zai ce ai ya daɗe yana yi bai ga komai ba. To, batiri yana raunana ne a hankali, kuma zafin Afrilu a Kebbi, da ke haura digiri 40, yana gaggauta lalacewarsa. Barin shan sigarin ne mafi alheri ga huhu. Wanda ya ƙi bari, kada ya sa batirin da rigarsa ta yage, kada ya jefa shi aljihu tare da makulli, kuma kada ya bar shi ya kwana yana caji.