JAWABI GA 'YAN AREWA MAZAUNA KURMI: KUƊIN FENSHO DA WUTAR GURARA



Maganar yau ta majalisa ce, amma za a faro ta daga tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, domin a can ne ta fi sauƙin ganewa. A shekarar 1927 aka haɗa dogon da ya taso daga Fatakwal da na Kaduna, aka kuma ja reshe daga Kafanchan zuwa Jos. Tun daga sa'an nan garin ya zama mahaɗa, ya cika da direbobi da masu gyaran dogo da akawuna da leburori daga kowace kusurwa ta Nijeriya. Da yawa daga cikinku ta wannan tasha iyayenku suka bi suka sauka Kurmi karon farko. Harkar jirgi ta ja da baya tun shekaru masu yawa, amma tsofaffin ma'aikatanta ba su ƙare ba. Suna nan a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi, su da tsofaffin malaman makaranta da na asibiti, abin da suka dogara da shi fensho ne da 'yar gonar citta, da kuma ɗan abin da ku kan aika musu ƙarshen wata.

To, me ya haɗa waɗannan dattawa da majalisa? Abin da ya haɗa su shi ne, duk sa'ad da tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi, a wurinsu a kan fara ganin alama. Cikin watan Afrilu na 1982, bayan farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, Shugaba Alhaji Shehu Shagari ya kai wa majalisar tarayya dokar tsuke bakin aljihu, aka kuwa zartar da ita cikin gaggawa, aka taƙaita shigo da kaya daga waje. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo nata shirin gyaran tattalin arziki, lokacin babu majalisar da za ta tanka, darajar Naira ta zube. A duk wannan zamani ana biyan fensho ne bisa doka mai lamba 102 ta 1979, watau daga kasafin kuɗin kowace shekara. Ma'anarsa ke nan, in baitulmali ya yi rama, ɗan fensho shi ne na ƙarshe a layi, tun da ba shi da aikin da zai yi wa yaji.

Wannan ne ya sa a 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, majalisar tarayya ta yi sabuwar doka ta adashin fensho, aka kuma sake ta a 2014. Bisa ga ta 2014 ɗin, ma'aikaci na ajiye kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara kashi 10, a zuba a wani asusu mai sunan ma'aikacin, kamfanonin ajiya su riƙa juya kuɗin. Majalisar dokokin Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2016, aka fara aiki da ita a Janairun 2017. A 2020 kuma gwamnatin jihar ta mai da mafi ƙarancin fensho Naira dubu 30 ga waɗanda su ke kan tsohon tsari.

Sai dai akwai wani ƙulli da ba a cika bayyana wa jama'a ba, shi ne kuwa ya fi wahalar da mutane. Malamin da ya kama aiki kafin sabuwar doka yana da haƙƙin shekarun da ya riga ya yi a tsohon tsari. Wannan haƙƙi bashi ne a kan gwamnati, kuma sai ta zuba shi a asusunsa kana a iya lissafa masa abin da zai riƙa karɓa. In ta yi jinkiri, sai mutum ya bar aiki ya zauna wata da watanni, babu albashi babu fensho, alhali kuwa ga kuɗinsa a rubuce a takarda. Irin waɗannan basussuka ne suka sa a 2025 gwamnatin tarayya ta nemi iznin majalisa ta sayar da takardun lamuni na kimanin Naira biliyan 758 domin ta biya nata ma'aikatan. Watau dai an ci sabon bashi don a biya tsoho.

Ga kuma tsadar rayuwa. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, wata na gaba aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kafin ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100. A Yulin shekarar nan majalisa ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira dubu 70. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 173 da na 210, ya ce a riƙa duba fensho kowace shekara biyar ko kuwa duk lokacin da aka duba albashi, amma kowa ya san rubutu daban, biya daban. Kamar dai wannan bai isa ba, a daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a Kachiya da Jaba da Kagarko, ta cinye gonakin da tsofaffi da yawa su ke cike giɓi da su.

Yanzu a juya ga wuta. Kudancin Kaduna ƙasa ce mai ruwa da tuddai, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban Matsirga da damina ya san haka. A maƙwabta, can Kurra ta Jihar Filato, tun wajen 1930 a ke samun lantarki daga ruwa saboda ma'aikatar kuza. Madatsar Gurara kuwa, wadda a ke janyo ruwanta zuwa Abuja, an gina mata tashar lantarki mai ƙarfin megawat 30, aka ba kamfanin North South Power riƙonta, shi ne kuma mai riƙe da Shiroro. A Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, a Yuni aka sa hannu kan sabuwar dokar lantarki, jihohi suka sami ikon shirya kasuwar wutarsu da kansu in majalisunsu sun yi doka. Ku mazauna Inugu kun ga haka da idonku, domin jiharku na cikin na farko da suka karɓi wannan iko a 2024.

A nan ne zancen biyu suka haɗu. Kuɗin adashin fensho na ƙasa duka sun haura Naira tiriliyan 20 a 2024, ba kuwa wata taska a Nijeriya da ke tara kuɗi na dogon lokaci kamarta. Tashar ruwa ko ta hasken rana kuwa irin kuɗin da ta ke bukata ke nan, domin tsadarta a wajen gini ta ke, bayan nan ba ta shan mai. An ma taɓa gwadawa: a 2019 kamfanin nan na Shiroro ya sayar da takardun lamuni na Naira biliyan 8.5 na shekara 15, da wani kamfanin lamuni tsaye a bayansa, kamfanonin ajiyar fensho kuma na cikin masu saye. Amma da Ministan Kuɗi Wale Edun ya ambaci juya kuɗin fensho ga manyan ayyuka a Mayun 2024, sai ƙungiyar ƙwadago da 'yan adawa suka tashi tsaye, har ministan ya fito ya ce ba za a taɓa ajiyar kowa ba bisa ƙa'ida ba.

Tsoron nan ba na banza ba ne, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ƙin abin ɗungurungum ma ba dabara ba ce, domin kuɗin da ribarsa ba ta kamo hauhawar farashi ba, narkewa ya ke yi ko yana cikin akwati. Abin da ya kamata 'yan majalisa su tsaya a kai shi ne sharuɗɗa: kamfanin ajiya ne zai zaɓi inda zai sa kuɗi, ba minista ko gwamna ba, a sami mai tsayawa lamuni, a kuma san wanda zai sayi wutar da yadda zai biya. Gwamnatin da 'yan fensho ke bi bashi kuwa, ta fara biyansu kafin ta miƙa hannu ga ajiyar 'ya'yansu.

Ku da ke Kurmi kuna da hannu a ciki ta fuska biyu, domin masu aikin albashi a cikinku kuɗinsu ne a wannan taska, iyayenku kuma su ne a layi. Majalisar jiha a Lugard Hall ta ke zama a Kaduna, kwamitocinta kuma kan kira zaman jin ra'ayin jama'a kafin a zartar da babbar doka. Ƙungiyar gari da ke taro kowane wata a Agege ko Sabo ta Badun na iya rubuta takarda ta aika ta hannun wakilin mazaɓar Jama'a ko Kaura ko Zangon Kataf, ta tambayi adadin waɗanda suka bar aiki ba a zuba musu haƙƙinsu ba, da kuma garuruwan da layin wutar Gurara zai ciyar.