«Babu rezo» ba amsa ba ce



Kwanaki a wani gishe na ajiye da karɓar kuɗi na tarar da wata dattijuwa. Ɗanta ya aiko mata jika 20 daga Aljeriya don sayen magani. Yaron gishen ya ce: «Inna, babu rezo, ki dawo gobe.» Ta biya kabu-kabu ta zo daga ƙauye, ta biya ta koma hannu rabbana. To, wai mene ne ya lalace? Shi kansa yaron bai sani ba.

Da yawanku kuna aiki a gishe ko za ku yi, saboda haka mu fahimci abin. Kwamfutar gishe ba ta riƙe da kuɗin kowa. Tambaya take aikawa ga uwar kwamfutar kamfanin, galibi a Yamai, ita kuma wani lokaci sai ta tuntuɓi ta banki ko ta kamfanin waya. In katin wani banki ne, saƙon yakan bi ta GIM-UEMOA da ke Dakar. Sarƙa ce, kuma ko'ina tana iya tsinkewa.

In ta tsinke, a bi ta daki-daki. Na farko, akwai kuran? Akwatin intanet na kunne? Na biyu, buɗe wani shafi daban. In ya buɗe, hanyar lafiya lau take. Na uku, kira wani reshe, a ce na Maraɗi: in su ma sun tsaya, matsalar tana can sama. Na huɗu, duba kwanan wata da agogon kwamfutar, don agogon da ya kauce yakan sa a ƙi amincewa da takardar shaidar tsaro. Haka ma kalmar sirri da ta ƙare. Na biyar, rubuta saƙon kuskuren yadda ya fito, da lokacinsa. Masu gyara da shi suke aiki.

Kuskure mafi haɗari shi ne wanda saƙo ya tafi amma amsa ba ta dawo ba. Allo ya nuna ya gaza, alhali an riga an cire kuɗin. Kada a sake turawa! A duba ragowar asusu, a riƙe lambar aikin, a jira tabbaci. Gaggawa a nan ita ke sa a cire sau biyu.

Wani lokaci kam laifin ya fi ƙarfin gishe. A watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta, mun ga yadda aiki ya riƙa tsayawa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhu. Mu da ba mu da teku, ta ƙasashen maƙwabta muke samun hanya. Amma ko a irin wannan rana, mai kuɗi yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya.

Don haka abu 3 muke nema ga kamfanoni: a faɗi inda matsala take da lokacin da ake sa ran gyara, a bai wa kowa rasit mai lamba ko da aikin bai kammala ba, a sa wa'adin mayar da kuɗin da suka maƙale. In an ƙi, akwai ARCEP kan sha'anin sadarwa, akwai BCEAO kan sha'anin kuɗi, kuma tana da reshe a Maraɗi.

Ku da kuka yi lakol, in kun ga tsohuwa a gishe, ku tsaya ku tambaya mata: wace mahaɗa ce ta tsinke, yaushe za ta dawo? Ku rubuta mata lambar aikinta kafin ta hau kabu-kabu.