Tawadar da Ba Ta Bushe Ba



Masana ilimin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna zaton cewa duk bala'in da ya riga ya zauna a zuciyar ɗan Adam, na yaƙi ne ko na haɗari, tamkar rubutu ne a kan dutse. Sai a shekarar 2000 Karim Nader da abokan aikinsa a New York suka nuna, ta hanyar gwaji da ɓeraye, cewa idan aka tuno abu yakan koma ɗanye na 'yan sa'o'i, kamar tawada a allo, kafin ya sake kafuwa.

Bisa wannan hujja ce Marijn Kroes a Holand ya tunatar da masu ciwon baƙin ciki wani labari mai tayar da hankali gab da a yi musu jinyar lantarki, wadda Ugo Cerletti ya fara a Roma a 1938, washegari kuwa suka kasa tuna shi daidai.

Fatan likitoci, yayin da bincike ke ci gaba, shi ne mai fama da firgici ya tuna musibarsa ba tare da ta hana shi barci ba.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.