Cin Abinci da Motsa Jiki Bayan Tiyatar Rage Tumbi



Cikin 1966 ne wani likitan fiɗa na Jami'ar Iowa a Amurka, Edward Mason, ya fara yi wa masu matsananciyar ƙiba aikin da ake keɓe ɗan sashe na tumbi a haɗa shi da ƙaramin hanji kai tsaye. A wannan aikin, wurin da ake bar wa abinci bai wuce girman ƙwan kaza ba. Akwai kuma wani aikin da ya fi yawa a yau, inda ake yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbin a fitar, a bar abin da ya yi kama da ayaba. Sashen da ake cirewa shi ne ya fi samar da sinadarin da ke tayar da yunwa, wanda masana a Japan suka gano cikin 1999. Saboda haka mutum yakan tashi daga gadon asibiti da ƙaramin ciki, ga kuma ƙarancin sha'awar abinci.

To, amma fa wannan sauƙi yana da wa'adi. Wani dogon bincike da aka soma a Suwidin cikin 1987 ya nuna waɗanda aka yi wa aikin haɗa tumbi da hanji sun zubar da kimanin kashi 32 cikin ɗari na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, amma bayan shekara 10 abin ya tsaya a kashi 25. Watau jiki yakan yi ƙoƙarin maido da abin da aka raba shi da shi, kuma yawan abin da zai maido ya danganta ƙwarai da halin cin da mutum ya koya a watannin farko.

Makonnin farko na likita ne: abu mai ruwa-ruwa, sa'an nan wanda aka dama ko aka niƙa, sai mai laushi, har wajen mako 6 zuwa 8. Wahalar tana farawa ran da aka ce ya koma cin abin da kowa ke ci. Bahaushe ya saba tuwo shi ne abinci, nama kuwa a ajiye shi gefen kwano sai an gama. Wanda aka rage wa tumbi dole ya juya wannan tsari. Ana so ya sami aƙalla giram 60 na furotin, watau sinadarin gina jiki, kowace rana, alhali loma kaɗan ce ke cika shi. In ya fara da tuwo ko shinkafa, wuri ya ƙare. Sai ya fara da kifi, ko ƙwai, ko kaza, ko wake da awara, ya bi da ganye, in da sauran wuri ya taɓa tuwon. Ya tauna sosai, ya ɗauki minti 20 zuwa 30 a kan ɗan abin da ke gabansa. Wannan ya sa cin kwano ɗaya da jama'a bai dace da shi ba, domin kuwa hannu yakan bi saurin hannun maƙwabci, ga kuma mai gida yana ta cewa a ƙara.

Daɗin daɗawa, ba a haɗa ci da sha. Sai a bar kamar rabin awa tsakani, ko da yake ana bukatar ruwa wajen lita ɗaya da rabi a yini, kurɓi-kurɓi. Abin da ya fi ɓata aikin likita kuwa shi ne abin sha mai zaƙi. Lemon kwalba, da kunun zaƙi, da furar da aka cika wa sukari duk sukan wuce ƙaramin tumbi ba tare da sun ƙosar ba. Ga wanda aka haɗa wa tumbi da hanji, sukarin kan zuba cikin hanji gaba ɗaya, sai jiri da gumi da faɗuwar gaba da gudawa su biyo baya. Haka nan ɗan cincin da biskit da ake tsakura a ofis daga safe har la'asar: ba sa cika ciki ko sau ɗaya, amma jimlarsu ta fi kwanon tuwo. Ƙwayoyin bitamin B12 da D, da na ƙarin jini da ƙarfin ƙashi, shan su na har abada ne.

Dangane da motsa jiki, dalilinsa ya wuce ƙona kitse. Mai ramewa da sauri yana asarar tsoka tare da kitsen, tsoka kuwa tana daga cikin sassan da ke cin abincin da jiki ya samu ko mutum yana zaune. In ta ragu, ɗan abin da ya ci ma sai ya yi masa yawa. Tafiya a ƙasa ana fara ta tun a asibiti, ɗaukar kaya mai nauyi kuwa sai bayan kamar mako 6, in likita ya yarda. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar cikin 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sassarfa, tare da kwana 2 na aikin ƙarfafa tsoka. Ma'aikacin da ke fita daga mota ya hau kujera zai iya cika mafi ƙarancin wannan da tafiyar rabin awa bayan asuba, kwana 5 a mako, kafin rana ta yi zafi.