Mai Son Rubuta Labari Ya Fara Da Karatu

 



An nemi mu ce wani abu a kan karatun adabi da rubutun ƙagaggen labari. Za mu fara da amsa laifinmu, mu tsofaffin malaman makaranta. Lokacin da littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano suka cika gari, daga wajen 1987 da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya, zuwa 1991 da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, mu ne muka riƙa zazzage jakunkunan yara muna ƙwacewa. Har ta kai a 2007 aka tara wasu littattafai aka ƙone a nan Kano. Gaskiya ne akwai marasa kan gado a cikinsu. Amma mun ƙwace ba mu ba da madadi ba, ba mu zauna mun tace tsaki daga tsakuwa ba. Yau ga jikokinmu nan riƙe da waya, ƙalilan ne za su iya zama su karance littafi daga bango zuwa bango.

Alhali mu da littafi aka raine mu. A firamare da kwalejin horon malamai mun karanta Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, waɗanda suka fito sanadiyyar gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933. Abubakar Imam, wanda aka haifa a 1911, yana ɗan shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Me ya ba matashi irin wannan ƙwarewa? Karatu ne. Ya san Maƙamatul Hariri, ya san Alfu Laila, ya karanta littattafan Turawa. Da ya zo rubuta Magana Jari Ce, mai juzu'i uku, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Jamusawa, ya ɗinka musu riga da wando na Hausa, har mai karatu ya rantse a bayan gidansu abin ya faru. Bai yi kwafi ba. Ya narkar da abin da ya karanta ne, ya sake zuba shi a cikin harshen da ya ji a bakin mutanensa.

Saboda haka ga abin da muke gaya wa matasanmu masu sha'awar alƙalami. Da farko, ku karanta kamar yadda ɗan koyo yake kallon hannun maigidansa. Idan labari ya hana ku barci, ku koma ku duba ta ina marubucin ya kama ku: ina ya fara, me ya ɓoye, yaushe ya bayyana shi. Ku lura da yadda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ba da labarin bauta da rabuwar uwa da ɗa a Shaihu Umar cikin sanyin murya, ba ihu ba kururuwa, amma ya bar mai karatu da ƙwalla.

Na biyu, ku kasa kunne. Maganar mai nama a Kasuwar Rimi daban take da ta alaramma a tsangaya, ta amarya kuma daban da ta uwargida. Idan duk mutanen labarinku da baki ɗaya suke magana, to ba ku ƙagi kowa ba tukuna.

Na uku, ku rubuta abin da kuka sani. Sau nawa muke ganin yaron da bai taɓa wuce Kwanar Dangora ba yana kai tauraronsa Dubai da Landan, ya bar lungun gidansu da ke cike da labari? Dattawan da suka ga siyasar NEPU da NPC a unguwar nan kaɗan suka rage. Iyayenmu mata da suka riƙe gidaje da saƙar hula da dakau suna tafiya da labarinsu. Littafin Balaraba, Alhaki Kuykuyo Ne, rikicin cikin gida ne na Kano kawai, amma shi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Na huɗu, haƙuri. Ku je marinar Ƙofar Mata ku gani: ba a tsoma zane sau ɗaya a ce ya rinu. A tsoma, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa. Haka rubutu yake. Ku ajiye shi mako biyu, ku karanta da ƙarfi, ku soke duk kalmar da ba ta aikin komai, sannan ku ba wanda ba ya jin nauyinku ya duba.

A ƙarshe, muna roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Ta samar da ɗaki ko da guda ne, da kanta da tabarmi, kowane gida ya kawo littafin da ke kwance a akwati. Ta kuma sa gasar gajeren labari duk shekara ga yaran makarantunmu, a buga wanda ya yi fice a wannan mujalla. Gasa ce ta fito da Imam, gasa ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, kuma gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da mata marubuta da dama. Mu da muka ƙwace littattafai jiya, a shirye muke mu zauna mu duba rubutun yaran kyauta.

Allah Ya yafe mana kurakuranmu, Ya albarkaci zuriyarmu, Ya ɗaukaka Yakasai da Kano baki ɗaya.