Lauje Cikin Jini

(Jawabin da aka gabatar a wani taron ɗalibai 'yan ƙasar Illela a Darna Sabon Gari, lokacin hutu)



An nemi mu yi magana a kan ginin jikin ɗan Adam, tun daga jini har ƙwaƙwalwa. Wannan kuwa kogi ne, mu kuma ko gwiwa ruwan bai kai mana ba tukuna. Saboda haka muka ga ya fi kyau mu kama abu guda wanda ya shafi gidajenmu, mu bi shi daga ƙwayar jini zuwa ƙwaƙwalwa, daga can kuma zuwa zauren ɗaurin aure. Abin nan shi ne amosanin jini, wanda a asibiti ake kira sikila.

Babban mutum yana ɗauke da jini wajen lita 5. A cikin ɗigon da bai kai kan allura ba akwai jajayen ƙwayoyin jini miliyan 4 zuwa 5. Ɓargo ke ƙera su, kowace ta yi kwana kamar 120 tana aiki, sa'an nan saifa ta kawar da ita. Siffarta kamar faifai ce mai loɓawa a tsakiya, ga ta da laushi, har takan lanƙwashe ta kutsa ta cikin jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta. Cikinta cike yake da wani furotin mai suna himogulobin, shi ke ɗauko iskar oksijin daga huhu ya kai wa kowace gaɓa, shi ne kuma ya ba jini launinsa.

To, himogulobin ɗin nan an yi shi da silili huɗu, kowane kamar carbi. Biyu daga ciki suna da 'ya'ya 146 kowanne. A jikin mai sikila ɗan carbi na 6 kaɗai aka musanya, sauran 145 suna nan daidai. Wani masani a Kambirij ta Ingila, Vernon Ingram, shi ya gano haka a 1956 da 1957, bayan Linus Pauling na Amurka ya nuna a 1949 cewa aibin yana cikin himogulobin ne. Wannan 'yar musanya ita ce tushen wahalar duka. Da zarar himogulobin ɗin ya sauke oksijin, sai ya riƙa manne wa ɗan'uwansa, su yi dogayen sanduna, su miƙe ƙwayar ta koma kamar lauje, ta yi tauri. Irin wannan ƙwaya ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, ɓargo kuwa ba ya iya cike gurbi da wannan sauri, shi ya sa kullum yaro cikin ƙarancin jini yake, idonsa rawaya. Ta kuma maƙale a ƙananan jijiyoyi ta tare hanya, naman da ke gaba ya rasa iska, sai ciwon ƙashi wanda ke hana gida duka barci. Sanyin hunturu, da ƙishirwa, da zazzaɓi, da aikin wahala, duk suna tayar da shi. Jariri yakan yi wata biyar ko shida lafiya lau, don yana da sauran irin himogulobin na cikin ciki wanda ba ya yin lauje. Sai wannan ya ja baya a ga hannu da ƙafa sun kumbura, uwa ta rasa abin da ya sami ɗanta.

Wani zai ce, abu mai muni haka, don me ya yawaita a cikinmu? Amsar tana wurin sauro. Kowane mutum yakan gaji umarnin ƙera himogulobin sau biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Wanda ya gaji mai kyau daga duka biyun shi ne AA, wanda ya gaji mai lauje daga duka biyun shi ne SS, shi ne mai ciwon. Na tsakiya, watau AS, lafiyarsa ƙalau, har ma ya fi AA tsira daga mugun zazzaɓin cizon sauro tun yana yaro. Anthony Allison ne ya nuna haka a Gabashin Afirka a 1954. Ashe abin da ya kare kakanninmu daga mutuwar damina, shi ne ke kwantar da jikokinsu idan ya haɗu biyu.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. Da aka auna jinin mutane, sai aka sami wajen kashi ɗaya cikin huɗu AS ne, jarirai kuma wajen 2 cikin 100 SS ne. Amma a cikin waɗanda suka haura shekara tara, da ƙyar a sami SS ɗaya cikin dubu. Ina sauran suka tafi? Kowa a nan ya san amsa. A garuruwanmu idan mace ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna komawa, sai a ce tana wabi, a sa wa na baya suna Ajuji ko Ayashe ko Allah ya sa ya zauna. Ba mu ce kowane ɗan wabi mai sikila ba ne, gama ƙyanda da gudawa da zazzaɓi sun kwashe nasu kason. Amma lalle a cikinsu akwai waɗanda laujen nan ne ya girbe, aka ɗora wa iska ko maita, wani lokaci ma aka ɗora wa kishiya.

Yanzu sai mu hau sama zuwa ƙwaƙwalwa, inda mutane ba su cika sanin ciwon yana kaiwa ba. Nauyin ƙwaƙwalwa bai fi kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma ita ke shan kashi 20 na oksijin ɗin da muke shaƙa, ba ta kuwa da rumbun ajiya. In jini ya yanke wa wani sashe nata na 'yan mintoci, ƙwayoyin wurin sun mutu ke nan. A yaro mai SS manyan jijiyoyin da ke kai mata jini sukan ƙuntace a hankali. Idan ba a yi rigakafi ba, wajen ɗaya cikin goma yakan sami shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara ashirin, ciwon da muka saba gani ga tsofaffi. Akwai kuma wanda ya fi wannan yawa, ya fi shi ɓoyuwa: ƙananan wurare su mutu a cikin ƙwaƙwalwa ba tare da hannu ko ƙafa sun shanye ba. Sai dai a ga yaron da a da yake kama karatu ya fara mantuwa, lissafi ya gagare shi. Mu da za mu koma azuzuwa mu koyar, ya kamata mu riƙe wannan. Sau nawa aka kira irin yaron nan daƙiƙi, aka bi shi da bulala, alhali rauni ne a kansa wanda ido ba ya gani?

Abin farin ciki, a nan ƙasar Hausa aka yi aikin da ya nuna mafita. Akwai na'urar da ake ɗora wa yaro a gefen kai, ba tsaga ba allura, ta auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In gudun ya yi yawa, alama ce hanya ta ƙuntace. A ƙasashen masu hali irin wannan yaro ƙarin jini ake yi masa kowane wata, abin da ya fi ƙarfin yawancinmu. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu sun gwada ba irin yaran nan ƙwayar magani mai suna haidiroksiyuriya kullum, wadda ke sa ɓargo ya koma ƙera himogulobin irin na jarirai, suka kuwa ga shanyewar jiki ta ragu ƙwarai. An buga sakamakon a 2022. A ƙarshen 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai gyara umarnin gadon kansa, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan 2 ga mutum guda, sai mu bar shi a labari tukuna. Abin da ke kusa da hannunmu shi ne gidan sauro, da allurar rigakafi, da shan ruwa da yawa, da rigar sanyi, da gaggauta kai yaro asibiti ran da jikinsa ya yi zafi. Da waɗannan masu SS da yawa sun girma, sun yi karatu, sun yi aure. Wataƙila ma akwai su a zaune tare da mu yau, ba kuwa abin kunya ba ne.

Saura lissafin da ya fi shafarmu, mu samari da 'yammata. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. A lura, kowane ciki muka ce. Mun sha jin ana cewa ai in an haifi mai ciwo guda, uku na bayansa sun tsira, ko kuwa a ce sai ɗa na huɗu abin ke faɗa wa. Wannan kuskure ne, don ciki ba ya tuna abin da ya sami na gabansa. Wani gida a haifi shida ba ko ɗaya, wani gida uku a jere. In kuwa mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, to aure ɗaya cikin 16 na AS biyu ne, haihuwa ɗaya cikin 64 kuma SS ce, wanda bai yi nisa da abin da aka gani a Garki ba. Auren zumunci yana ƙara haɗarin a dangin da abin yake, amma kada wanda ya auro bare ya ce ya kuɓuta. Iyakar ƙasa ma ba ruwanta da wannan: jinin da ke Illela shi ne a Birnin Ƙonni, mun kuwa san yadda aure ke ƙetarawa tsakaninmu.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila. Muna ganin doka ta yi kyau, amma a ra'ayinmu ta zo wa masoya a makare. Wanda aka aika gwaji bayan an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an ɗinka anko, me ake so ya yi da takardar? A nan ne ake kuka, a nan ne kuma Shaiɗan ke raɗa wa mutum ya nemi takardar ƙarya. Lokacin gwaji shi ne tun muna sakandare, ko ranar shiga jami'a, tun zuciya ba ta kama kowa ba, yadda saurayi zai san harafinsa kamar yadda ya san sunan kakansa. A kuma yi shi a wurin da aka amince da aikinsa, in da hali a maimaita a wani wurin, gama kuskure na faruwa. Kada kuma a rikita shi da gwajin rukunin jini na A da B da O, wannan dabam wancan dabam.

Iyayenmu, ku gafarce mu in mun yi tsaurin ido a gabanku. Ku ke bincike a kan asali da hali da addinin wanda ya zo neman 'yarku, roƙonmu shi ne ku ƙara wannan tambaya guda a ciki, ku kuma yi ta tun zuwan farko. Mu ɗalibai kuwa, daga nan zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari ba ce, jinin da za a ɗiba kuma bai cika cokalin shayi ba. Kafin mu tashi za a zagaya da takarda, duk wanda bai san nasa ba ya rubuta sunansa, mu sa rana mu tafi tare kafin hutu ya ƙare.